Idan menu ya yi ɓatan dabo a manhajar faks ta Windows

Aikina a nan Ingila kula da kwamfutocin ƙananan ofisoshi ne: na lauyoyi, kantunan magani, da masu aika kaya zuwa gida ta jirgin ruwa. Duk wanda na gaya wa cewa har yanzu ana kirana saboda faks sai ya yi dariya, amma abin bai mutu ba. A shekarar 2018 an gano cewa asibitocin gwamnati na ƙasar nan suna riƙe da na'urorin faks kusan 9,000, har ministan lafiya na lokacin, Matt Hancock, ya hana sayen sababbi daga Janairun 2019, ya ce a daina amfani da su gaba ɗaya kafin Afrilun 2020. An rage sosai, amma ragowar na nan. A Jamus da Japan da asibitocin Amurka ma haka abin yake, kuma duk mai hulɗa da su wata rana za a ce masa ya turo takarda ta faks.

Kukan da aka fi kawo mini shi ne "menu ya ɓace". Mutum ya buɗe manhajar faks, ya nemi inda ya saba dannawa sama ko ƙasa ya rasa. Zan yi magana ne a kan Windows Fax and Scan, wadda ke zuwa tare da Windows tun daga Vista, saboda ita ce a mafi yawan kwamfutocin da nake taɓawa. Abin da na lura da shi shi ne da wuya a ce menu ya lalace da gaske. Yawanci yana nan daram, Windows ce ta ɓoye shi saboda inda kake tsaye a cikin manhajar, ko saboda wani abu da ya dogara da shi ba ya nan. Don haka kada ka bari wani ya ce sai an goge kwamfutar an sake ɗora Windows. Aikin baban giwa ne, kuma sau da yawa bayan an gama ma sai a tarar da matsalar tana jira.

Kafin ka taɓa komai, ka tantance me ya ɓace. Mutane na cewa "menu" suna nufin abubuwa dabam-dabam: wani layin sama yake nufi, mai File da Edit da View da Tools, wani layin yana nan, amma da ya buɗe Tools sai ya ga babu Fax Settings a ciki, wani kuma manhajar ce kacokan ba ya gani a Start, wani abin da ya rasa shi ne Fax recipient da yake samu idan ya danna dama a kan fayil. Kowanne da maganinsa, kuma wanda bai tsaya ya bambance ba zai yi ta shan magani a kan ciwon da ba shi da shi.

Fara da kusurwar ƙasa ta hagu

Wannan ita ce ta fi kama mutane, shi ya sa na sa ta a gaba. Windows Fax and Scan kamar ciki da falo take: ƙofa ɗaya, ɗaki biyu. Ɗaya na faks ne, ɗaya na sikanin takardu. A can ƙasa ta hagun tagar akwai maɓallai guda biyu, ɗaya an rubuta Fax, ɗaya Scan. Wanda ka danna shi ke yanke abin da za ka gani a cikin menu. Idan kana ɓangaren Scan ka buɗe Tools, ba za ka ga Fax Settings ba, ba za ka ga Fax Accounts ba, babu Cover Pages, babu Sender Information. Abubuwan sikana kawai za a nuna maka. Sunan menu ɗin bai canza ba, yana nan Tools, shi ya sa ba ka zargin komai.

Yadda abin ke faruwa a ofis mai sauƙi ne. Wani ya zo ya yi sikanin fasfo ko rasit, ya bar manhajar a ɓangaren Scan ya tafi. Mai aika faks ya zo bayansa ya ga kayan aikinsa sun ɓace. Wani dattijo mai aika motoci zuwa Kwatano ya taɓa kirana hankali a tashe a kan wannan.

"Malam, wannan abu fa ya lalace. Jiya-jiyan nan na yi aiki da shi."

"Alhaji, a hagu me kuke gani? Akwai Inbox da Outbox?"

"Babu. Wasu hotunan takardu ne kawai."

"To ku duba can ƙasa ta hagu, ku danna inda aka rubuta Fax."

Shiru na ɗan lokaci, sai na ji ya ce, "Ikon Allah." Alamar da za ka gane kana ɓangaren da ya dace ita ce jerin foldoji biyar a hagu: Incoming, Inbox, Drafts, Outbox da Sent Items. Idan ba ka gansu ba, ba ka shiga ɗakin faks ba tukuna. Masu Windows ta Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, sunan manhajar a wurinsu Télécopie et numérisation Windows, menu ɗin kuma Outils, amma maɓallan biyu suna wuri ɗaya.

Idan layin saman ne gaba ɗaya babu

Danna Alt sau ɗaya ka saki, ko F10. Tun zamanin Vista manhajoji da yawa suka koma ɓoye layin menu sai an kira shi da ɗaya daga cikin waɗannan maɓallan. A laftof, F10 na iya zama na ƙara sauti ko hasken allo, sai ka haɗa shi da Fn. Gwaji na biyu: riƙe Alt ka danna T. Idan jerin Tools ya zubo, ko da daga wani wuri ne da ba ka zata ba, to menu yana raye, ganinsa ne kawai ba ka yi.

Galibi dalilin shi ne saman tagar ya haura bayan iyakar allo. Hakan na faruwa ga wanda ya haɗa laftof da babban allo ko majigi, ya ja tagar can, sannan ya zare waya. Windows na iya riƙe tsohon matsayin tagar, sai kan manhajar ya maƙale a wurin da yanzu babu shi. Tunda ba ka ganin saman, ba ka da inda za ka kama da linzami ka jawo. Riƙe maɓallin Windows ka danna kibiyar sama, tagar za ta cika allon, menu ya dawo. Idan ta ƙi, danna Alt tare da dogon maɓallin tazara, sannan M, sai ka yi ta danna kibiyar ƙasa har kan tagar ya bayyana, ka danna Enter. Mai allo biyu kuma ya riƙe Windows da Shift ya danna kibiyar hagu ko dama, tagar za ta tsallako daga wancan allon zuwa wannan.

Akwai kuma batun girman rubutu. Sababbin laftof kan zo da allon da aka ƙara wa girma zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Manhajar Windows ɗin kanta tana jurewa, amma tsofaffin manhajojin faks na wasu kamfanoni sukan rikice, maɓallai su hau kan juna ko su faɗa waje. Je Settings, System, Display, ka mayar da Scale zuwa 100, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Idan hakan ya gyara, ka mayar da allonka yadda kake so, sannan ka danna dama a kan alamar manhajar, Properties, Compatibility, Change high DPI settings, ka gyara mata ita kaɗai.

Manhajar ce ba ta nan

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ofisoshi da yawa sun sayi sababbin kwamfutoci masu Windows 11, kuma nan ne wannan kukan ya ƙaru. Mutum ya duba Start bai ga komai ba. Da farko dai wurin zamanta ya canza: a Windows 10 tana cikin foldar Windows Accessories, a Windows 11 kuma cikin Windows Tools. Hanya mafi sauri ta sanin ko tana nan ita ce ka riƙe Windows ka danna R, ka rubuta wfs, ka danna Enter. Idan ta buɗe, shi ke nan, ka danna dama a kan alamarta a layin ƙasa ka maƙala ta a wurin don kada ka sake nema. Idan aka ce ba a sami wfs ba, ba a ɗora ta ba ne.

Inda ake ɗora ta ya danganta da shekarun Windows ɗinka. A Windows 7 da 8 da farkon Windows 10, ka rubuta optionalfeatures a wancan akwatin na Windows da R, ka buɗe Print and Document Services, ka sa alama a Windows Fax and Scan. A sababbin Windows 10 da kuma Windows 11 an ɗauke ta daga nan, shi ya sa masu bin tsofaffin bayanai suke buɗe wancan jerin su rasa ta su ɗauka an kashe ta. Yanzu tana cikin Settings, a Optional features, wanda a wasu kwamfutocin yake ƙarƙashin Apps, a wasu ƙarƙashin System. Kada ka wahalar da kanka, rubuta optional a akwatin bincike na Settings zai kai ka. Ka zaɓi ƙara sabon abu, ka rubuta fax, ka ɗora. Sai da intanet, domin daga Windows Update ake saukowa da ita, kuma ka kashe kwamfutar ka kunna bayan an gama.

Wanda ya fi son rubuta umarni, ya buɗe Command Prompt da ikon admin ya rubuta wannan:

DISM /Online /Add-Capability /CapabilityName:Print.Fax.Scan~~~~0.0.1.0

Alamomin nan masu lanƙwasa guda huɗu ne, kada ka rage ko ɗaya. Idan kwamfutar ta ofis ce kuma ta dawo maka da lambar kuskure 0x800F0954, ba laifinka ba ne. Ma'anarta an saita kwamfutar ta riƙa karɓar sabuntawa daga sabar kamfanin, sabar kuma ba ta da wannan kayan. Wannan aikin mai kula da kwamfutocin ofishin ne, ka kai masa lambar kawai.

Menu yana nan, amma ya dushe

Wani lokaci abin da kake nema yana cikin jerin, sai dai ya yi toka-toka, ka danna ya ƙi. Ko kuma ka danna New Fax, maimakon takardar aikawa sai a jefo maka tagar saiti. A nan ba menu ne ke da matsala ba, manhajar ce ba ta ga abin da za ta aika faks da shi ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Windows Fax and Scan ba ta aika faks ta intanet. Tana buƙatar ɗaya daga cikin biyu: modem na faks da aka haɗa da layin wayar tebur, ko sabar faks a cikin ofis. Tsofaffin laftof suna zuwa da modem a ciki, da ƙaramin ramin waya a gefe, wanda ya fi na wayar intanet ƙanƙanta. Sababbi ba su da shi. Wanda ya koma sabuwar kwamfuta ya bar modem ɗinsa a tsohuwar ba tare da ya sani ba, sai ya sayi na USB. Ƙaramin modem ɗin nan mai ɗaukar layin sim da muka saba shiga intanet da shi a gida, kada ka dogara da shi. Windows na iya jera shi cikin modem, amma yawancinsu ba sa yin faks.

Don ka tabbatar, rubuta devmgmt.msc a akwatin Windows da R, ka nemi Modems. Idan babu wannan layin kwata-kwata, ko akwai alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, direban modem ɗin, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da shi, shi ne bai hau ba. Idan yana nan, danna shi sau biyu, ka je Diagnostics, ka danna Query Modem. Za a jero tambayoyin da aka yi masa da amsoshinsa. Nemi layin AT+FCLASS=? ka duba gabansa. Idan ka ga 1 ko 2 a cikin amsar, modem ɗin ya iya faks. Idan 0 ne kawai, ko kuskure ya dawo, bai iya ba, kuma duk saitin da za ka yi ba zai koya masa ba.

Idan modem lafiya yake, koma manhajar, ɓangaren Fax, Tools, Fax Accounts. Jerin da babu komai a ciki shi ne amsarka. Danna Add, zaɓi Connect to a fax modem, ka ba shi suna, ka zaɓi yadda za a riƙa amsa kira. Shawarata, idan layin ɗaya ne da wanda mutane ke kiranku a kai, kada ka zaɓi Answer automatically, in ba haka ba duk wanda ya kira zai ji ƙarar faks a kunnensa. Notify me ya fi dacewa. Idan kuma akwai asusu a jerin amma na tsohon modem ne, cire shi ka ƙirƙiri sabo. Receive a Fax Now kuwa ba zai yi aiki ba sai an je Fax Settings an sa alama a Allow the device to receive fax calls, shi kuma Fax Settings yana neman ikon admin. A ofisoshin da ma'aikata ke shiga da asusu mara iko, za a tambaye ka kalmar sirri ko a hana ka. An yi haka ne da gangan.

Saura hidimomin da ke aiki a bayan fage. Rubuta services.msc a akwatin Windows da R ka nemi Fax. Ganinsa a Manual kuma a tsaye ba matsala ba ne, haka yake zama sai an buƙace shi. Abin tsoro shi ne Disabled. Ina yawan tarar da shi haka a kwamfutocin da wani ya bi da manhajojin nan masu alƙawarin ƙara sauri, waɗanda ke kashe duk abin da suka ga dama. Mayar da shi Manual ka danna Start. Idan ya ƙi tashi, duba Print Spooler, mai kula da buga takarda, da Telephony, mai kula da kiran waya, domin a kansu yake tsaye. Print Spooler musamman: a 2021, lokacin da aka gano ɓarakar tsaron da aka kira PrintNightmare, wurare da yawa sun kashe shi a kwamfutocin da ba sa buga takarda, faks kuma ya bi shi.

Fax recipient da firintar Fax

A Windows 11, danna dama a kan fayil ba ya nuna Send to kai tsaye, sai ka danna Show more options a ƙasan jerin. Rabin masu wannan kukan a nan maganarsu ke ƙarewa. Idan ka buɗe Send to babu Fax recipient, rubuta shell:sendto a akwatin Windows da R. Folda za ta buɗe, duk abin da ke cikinta shi ne ke fitowa a wancan jerin. Ƙirƙiri sabuwar gajeriyar hanya a ciki, ka nuna mata C:\Windows\System32\WFS.exe /SendTo, ka sa mata suna.

Ni dai ban cika amfani da wannan hanyar ba. Na fi son buɗe takardar, in danna Ctrl da P, in zaɓi Fax a jerin firintoci. Tana aiki a Word, a PDF, a duk abin da ake iya bugawa, kuma ita ce amsar masu neman tsohon Send To na cikin File a Word, wanda ya tafi tun da Office 2007 ta sauya fasalin menu. Idan firintar mai suna Fax ta ɓace daga jerin, mafi sauƙi a cire Windows Fax and Scan daga Optional features, a kashe a kunna, a sake ɗorawa. Amma kafin ka cire, kwafe takardunka. Suna wuri biyu: foldar Fax a cikin Documents, da kuma C:\ProgramData\Microsoft\Windows NT\MSFax. ProgramData ɓoyayyiyar folda ce, sai ka rubuta adireshin da hannu a saman File Explorer. Ofishin lauya da ya rasa shaidar cewa ya aika takarda ranar kaza ba zai yafe maka ba.

Idan firinta ce mai faks a jikinta

Nan ma ana yawan ruɗewa. Firinta mai haɗe da sikana da faks, irin na HP ko Brother ko Canon, tana da nata modem a ciki, amma galibi ba ta miƙa shi ga Windows Fax and Scan. Za ka yi sikani da ita lafiya lau a manhajar, ɓangaren faks kuma ya ce bai ga komai ba. Faks ɗinta sai ta manhajar kamfanin da ya ƙera ta. Brother, misali, na kiran tasa PC-FAX. Abin da ke faruwa shi ne idan ka soka firinta, Windows kan ɗora ƙaramin direba na buga takarda kawai, ba tare da ɓangaren faks ba. Ka je shafin kamfanin, ka sa lambar samfurin firintar, ka sauko da cikakken kunshin, ba ƙaramin ba. Bayan ka ɗora za ka ga firintar ta fito sau biyu a jeri, ɗaya da kalmar Fax a sunanta.

Wasu kuma manhajar ce ta tsufa. HP Solution Center da Flash, wata fasahar kamfanin Adobe, aka gina fuskarta, da Adobe ta rufe Flash a ƙarshen 2020 sai ta daina nuna maɓallanta. WinFax PRO, wadda kamfanin Delrina na Toronto ya ƙirƙira, Symantec ta saye shi a 1995, an daina ta tun 2006, kafin Vista ma ta fito kasuwa. Har yau ina haɗuwa da masu ƙaunarta, kuma na fahimce su, ta yi zamaninta. Amma neman dawo mata da menu a Windows 11 ɓata lokaci ne.

Idan duk ka bi waɗannan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙirƙiri sabon asusun mai amfani a kwamfutar, ka shiga da shi, ka buɗe wfs. In komai ya fito daidai a can, saitin tsohon asusunka ne ya ɓaci, ba Windows ba. In a can ma haka ne, buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta sfc /scannow, ka bar shi ya kai ɗari bisa ɗari.

Abu ɗaya da dawowar menu ba zai gyara ba shi ne layin waya. An ƙera faks ne don tsohon layin tagulla, a nan Ingila kuma ana kan rufe wannan layin, wa'adin da aka sa shi ne ƙarshen Janairun 2027. Ofishin da aka mayar da wayarsa ta bi ta intanet zai ga komai na manhajar daidai, modem ya buga lamba, a ji ƙara, sannan takarda ta yanke a tsakiya. Ka tambayi kamfanin wayarku ko layin yana ɗaukar T.38, tsarin da aka yi don faks ya bi ta intanet. Idan na'urarka ko manhajarta na ba da damar rage gudu, saukar da shi daga bit 14,400 a daƙiƙa zuwa 9,600 yakan taimaka. Idan bai taimaka ba, sai a koma ga kamfanonin da ke karɓar takarda ta imel su aika ta a matsayin faks, waɗanda ba sa buƙatar modem ko layi, amma ofishin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ko na shari'a ya fara bincika inda kamfanin ke ajiye takardun kafin ya sa hannu.